Wankin hanci da ruwan gishiri mai sitiroyid

Wankin hanci da ruwan gishiri mai sitiroyid hanya ce ta magani da ake zuba ɗan ƙaramin kotikositiroyid, wato sitiroyid mai rage kumburi, galibi budesonid ko mometason, a cikin gorar ruwan gishiri mai cin mililita 240, sannan a tura ruwan ta kafar hanci ɗaya ya fito ta ɗayar. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ne suka fi rubuta shi, kuma yawanci ga masu kumburin hanci da na sainos wanda ya daɗe, musamman waɗanda aka riga aka yi wa tiyata. An fi tambayarsa a lokacin sanyi saboda a lokacin ne toshewar hanci take tsananta, amma asalinsa maganin daɗaɗɗen kumburi ne, kuma murar kwana biyu ba ta cikin abin da aka yi shi dominsa.

Sainos da lokacin sanyi

Sainos wasu koguna ne masu iska a cikin ƙasusuwan fuska, iri huɗu, kowane iri dama da hagu: na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu, da na can ciki bayan hanci. Kowanne yana da 'yar siririyar ƙofa da take buɗewa cikin hanci. Fatar da ta lulluɓe su tana fitar da majina, kuma akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani waɗanda suke share majinar zuwa maƙogwaro dare da rana. Idan fatar ta kumbura ƙofofin suka toshe, majina sai ta kwanta. Daga nan ne ake samun nauyin fuska, ciwon goshi idan an sunkuya, da ɗaukewar jin ƙanshi.

Iska mai sanyi da bushewa tana sa majina ta yi kauri, aikin gasun kuma ya ragu. A Turai da Arewacin Amurka abin yana haɗuwa da na'urar ɗumama ɗaki, wadda take ƙara busar da iska, da cunkoson mutane a rufaffun ɗakuna inda ƙwayoyin mura suke yawo. A ƙasar Hausa hunturu ne yake yin wannan aikin, tsakanin Nuwamba da Maris, da ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Haɓo da tsagewar leɓe da atishawa duk na wannan lokacin ne.

Likitoci suna rarrabe abu uku da jama'a suke haɗawa su kira mura. Akwai murar bairos, wadda takan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Akwai alaji, wanda ƙura ko furen tsirrai ko gashin dabba yake tayarwa. Akwai kuma kumburin sainos mai daɗewa, wanda ba a kiransa haka sai ya kai mako 12, wani lokaci tare da tsiro mai laushi a cikin hanci. Na ukun nan ne ainihin gurbin wankin sitiroyid.

Tarihi

Wanke hanci da ruwa ya girmi maganin zamani nesa ba kusa ba. A Indiya ana kiransa neti, kuma littafin Hatha Yoga Pradipika, wanda ake jin an rubuta shi a wajajen ƙarni na 15, ya lissafa shi cikin hanyoyi shida na tsarkake jiki, ko da yake wanda ya bayyana na zare ne da ake zurawa ta hanci. Na ruwa, wanda ake yi da 'yar buta mai dogon baki, shi ne ya bazu a Yammacin duniya a ƙarni na 20. A Musulunci kuwa shaƙa ruwa da fyacewa suna cikin alwala, kuma a mazhabar Malikiyya sunnoni ne. Bambancin shi ne ruwan alwala ɗan kaɗan ne, ba ya kuma da gishiri, don haka iyakarsa gaban hanci.

Ɓangaren sitiroyid ya fara ne daga wasu ƙananan ƙululu biyu da suke zaune a saman ƙoda. A shekarun 1930 Edward Kendall a asibitin Mayo da ke Minnesota a Amurka, da Tadeus Reichstein a Suwizalan, kowanne ya yi ta tace sinadarai daga waɗannan ƙululu na dabbobi. A watan Satumba na 1948 likita Philip Hench da abokan aikinsa suka yi wa wata mata 'yar shekara 29, wadda ciwon gaɓoɓi ya kwantar, allurar ɗaya daga cikin sinadaran. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Sinadarin shi ne aka sanya wa suna kotizon, kuma a 1950 mutanen uku suka raba kyautar Nobel.

Murnar ba ta daɗe ba illolin suka bayyana: kumburin fuska, hawan jini, ciwon sukari, raunin ƙashi. Shekaru ashirin da suka biyo baya an yi su ne ana neman sitiroyid da zai yi aiki a inda aka sa shi kaɗai, ba tare da ya zaga jiki ba. Beklometason, wani sitiroyid na shaƙa, ya fito a Birtaniya a 1972 don masu asma, kuma ba da jimawa ba, a wajajen 1973, likitan Danmak Niels Mygind ya nuna yana aiki a hanci ga masu alaji. Kamfanin Astra na Suwidin ya yi rajistar budesonid a 1973, ya fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1980 da sunan Pulmicort. Yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ya haɗa igiyoyin biyu tiyata ce. Walter Messerklinger da ɗalibinsa Heinz Stammberger a birnin Graz na Ostiriya sun ƙirƙiro hanyar buɗe ƙofofin sainos ta cikin hanci da siririn madubi, ba tare da an tsaga fuska ba, David Kennedy kuma ya yaɗa ta a Amurka daga 1985. Da ƙofofin suka buɗe sai likitoci suka lura maganin feshi ba ya wuce gaban hanci, alhali ruwa mai yawa yana shiga har cikin kogunan. A shekarun 2000 wasu suka fara fasa ƙananan robobin budesonid na ruwa, waɗanda aka yi don na'urar shaƙa ta yara masu asma, suna zubawa a gorar wanki. Har yanzu haka abin yake: hukumar magunguna ta Amurka ta amince da robobin a shekarar 2000 don asma, kuma zuba su a ruwan wanki amfani ne da likita yake ɗaukar nauyinsa, ba ya cikin abin da aka rubuta a jikin kwali.

Yadda ake yi

Gishirin ruwan yana daidai da na jini, wato giram 9 a lita ɗaya, ko kusan giram 2 a gora. Yawanci ana amfani da 'yan ƙunshin gishiri na musamman da aka haɗa da ɗan bakin soda don rage raɗaɗi. Ruwan ya kasance mai ɗumi-ɗumi kamar na jiki. Adadin budesonid da aka saba rubutawa shi ne miligiram 0.5 zuwa 1 a gora, sau ɗaya ko biyu a rana.

Mai wankin zai sunkuya a kan baho ko wurin wanke hannu, haɓa ta kusanci ƙirji, baki a buɗe yana numfashi ta nan. Zai dafa bakin gorar a kafar hanci ɗaya ya matsa a hankali. Da farko yakan ji kamar ya nutse a kogi, bayan daƙiƙa biyu ko uku ruwan ya ɓullo ta ɗaya kafar, yana jan majina da ɓawo, a hunturu har da launin ƙasa-ƙasa na ƙura. Rabin gora a dama, rabi a hagu, sai a fyace a hankali, domin fyacewa da ƙarfi tana tura ruwa cikin kunne. Ba abin mamaki ba ne bayan sa'a guda, an sunkuya ɗaura takalmi ko an yi sujada, ragowar ruwan ya zubo.

Sitiroyid ba ya buɗe hanci nan take. Yana shiga ƙwayoyin fatar ne ya rage sinadaran da suke haifar da kumburi, kuma sai an yi kwanaki, wani lokaci makonni, kafin a ga cikakken amfaninsa. Ya sha bamban da ɗigon buɗe hanci irin su Otrivin, waɗanda suke matse jijiyoyin jini cikin mintuna, amma idan aka wuce 'yan kwanaki ana sa su sai hancin ya koma toshewa fiye da da.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Wani gwaji da Richard Harvey da abokan aikinsa suka yi a Sidni ta Ostireliya, aka buga a 2018, ya bi waɗanda aka yi wa tiyata na tsawon wata 12. Waɗanda suka sami mometason a ruwan wanki sun fi waɗanda suka same shi a feshi sauƙin toshewa. A shekarar dai, wani gwaji a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka ya ɗauki mutum 80 na kwana 30: masu budesonid sun fi samun sauƙi, amma masu ruwan gishiri zalla ma sun samu sosai, ratar kuma ba ta kai a yanke hukunci da ita ba. Wato babban kaso na aikin gishiri da ruwa ne suke yi.

Ga murar bairos, nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, ta yi bai sami hujjar cewa sitiroyid na hanci yana rage kwanakinta ba.

Illoli

Mafi yawan ruwan zubewa yake. Abin da yake saura a ciki bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma hanta tana lalata kusan kashi 90 na budesonid ɗin da aka haɗiye. Shi ya sa illarsa ba ta kama ƙafar ta ƙwayoyin sitiroyid na sha ba, irin deksametason da wasu suke saye a kemis don yin ƙiba. Illolin wankin da aka fi gani su ne raɗaɗi, haɓo da cikar kunne. Kan ko yana danne aikin ƙululun saman ƙoda idan aka daɗe ana yi, sakamakon bincike ya saɓa: yawancinsu ba su ga komai ba, wasu sun ga raguwa a gwajin jini, galibi ga masu haɗawa da maganin shaƙa na asma. Masu hawan jinin ido ko yanar ido, da masu shan ritonabir (maganin ƙanjamau) ko ketokonazol (maganin cutar fungas), waɗanda suke hana hanta sarrafa maganin, ana sa musu ido na musamman.

Ruwan da ake amfani da shi

Haɗarin da ya fi kowanne muni daga ruwan yake zuwa. A 2011 mutum biyu suka mutu a jihar Louisiana ta Amurka bayan sun wanke hanci da ruwan famfo mai ɗauke da Naegleria fowleri, wata ƙwayar halitta mai rayuwa a ruwa mai ɗumi. Shan ta ba ya cutarwa, amma idan ta shiga ta hanci tana bin jijiyar jin ƙanshi ta kai ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tsira. An sha samun irin wannan a birnin Karachi na Pakistan, inda ake danganta wasu da ruwan tanki marar isasshen kulorin. Cutar ba ta da yawa, amma saboda ita hukumomin lafiya na Amurka suka ce a yi amfani da tataccen ruwa na kantin magani, ko wanda aka tafasa na minti 1 ya huce, minti 3 a wuraren da tsayinsu ya haura kusan mita 2,000. Tafasasshen ruwa ana ajiye shi a rufe, kada ya wuce sa'a 24. Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda duk sai an tafasa. Gorar ma a wanke ta bayan kowane amfani, a bar ta ta bushe, a sauya ta bayan kamar wata 3.

Azumi

Ruwan yana iya gangarawa maƙogwaro, kuma hadisi ya hana mai azumi kai matuƙa wajen shaƙa ruwa, don haka masu azumi sukan mayar da wankin bayan shan ruwa ko kafin sahur.