Antonio López García, mai zanen da ba ya gaggawa

Antonio López García mai zane ne kuma mai sassaƙa ɗan ƙasar Sifaniya, an haife shi ranar 6 ga Janairu 1936 a Tomelloso, wani garin manoman inabi a lardin Ciudad Real, watanni kaɗan kafin yaƙin basasar ƙasar ya ɓarke. Abin da ido ke gani shi yake zanawa, mutum a matsayin mutum, titi a matsayin titi, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne hoto ɗaya tal sai ya cinye masa shekara da shekaru.

Iyayensa manoma ne, kuma da an bar shi ƙila gona zai gada. Baffansa Antonio López Torres, wanda shi ma mai zane ne, shi ya lura yaron yana da hannu, ya fara koya masa. A 1949 yana ɗan shekara 13 ya tafi Madrid, ya yi karatu a makarantar zane ta San Fernando daga 1950 zuwa 1955, a shekarar da ya gama kuma ya je Italiya ya ga aikin magabata da idonsa. A lokacin yawancin sa'o'insa sun karkata ga zanen da ba ya kama da komai, launi ne kawai da layi, shi ne yayi, amma shi da wasu abokansa irin su Isabel Quintanilla da Amalia Avia da 'yan'uwan nan biyu masu sassaƙa Julio da Francisco López Hernández suka tsaya kan nasu, su ake kira masu zanen zahiri na Madrid. A 1961 ya auri María Moreno, ita ma mai zane ce, suna tare har ta rasu a 2020.

Abubuwan da yake zanawa wani ko kallo ba zai musu ba. Firiji a buɗe, banɗaki, taga da dare, zomon da aka feɗe a kan faranti. Akwai hotonsa na 1967 na wurin wanke fuska da madubi, da buroshin haƙori da reza da kwalabe a jere, yana gidan tarihin zane na Boston yanzu, in ka tsaya gabansa sai ka ji kamar mai gidan yanzun nan ya fita. Gaskiya a nan ƙarfinsa yake, ba ya raina abu.

Hoton titin Gran Vía na Madrid kuwa daga 1974 zuwa 1981 ya yi shi. Da bazara kawai yake zuwa, da asuba kafin motoci su fito, ya kafa katakon zanensa a tsakiyar titi ya yi aiki na ɗan lokaci, da hasken ya canza sai ya naɗe kaya ya tafi sai gobe, in bazara ta wuce kuma sai baɗi, don shi a wurinsa hasken wannan sa'ar ake zanawa ba ginin kaɗai ba. Haka ya yi da hoton Madrid daga saman benen Torres Blancas, wanda aka sayar a gwanjon Christie's a Landan a 2008 kan kuɗi sama da fam miliyan ɗaya. Hoton iyalin Sarki Juan Carlos na Sifaniya ya fi duka daɗewa, kusan shekara 20, sai a Disambar 2014 aka nuna shi a fadar Madrid, lokacin sarkin ma ya riga ya yi murabus.

Mai son ganin yadda yake aiki, darakta Víctor Erice ya ɗauke shi a fim ɗin El sol del membrillo na 1992, wanda ya samu kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes. Wata 'yar bishiya ce a tsakar gidansa mai 'ya'ya rawaya kamar tuffa yake son zanawa. Ya kafa ƙusoshi a ƙasa daidai inda yatsun ƙafarsa za su tsaya kullum, yana ɗiga farin fenti a jikin 'ya'yan don ya gane yadda nauyi ke sauko da su, ga ruwan sama ga hadari, ƙarshe dai ya haƙura da fentin ya koma fensir, 'ya'yan suka nuna suka zube.

Ya samu kyautar Yariman Asturias ta fasaha a 1985 da kyautar Velázquez a 2006. A ɓangaren sassaƙa, wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Atocha a Madrid zai ga manyan kawunan jariri biyu na tagulla, ɗaya ido buɗe ɗaya a rufe, Rana da Dare ake ce musu, fuskar jikarsa ce tana jaririya. Ko a 2021 yana da shekara 85 mutane sun riƙa taruwa suna kallonsa da yamma a dandalin Puerta del Sol na Madrid, cikin zafi, yana auna gine-gine da ido yana zane.