Ma'anar umarnin join a layin umarni

A cikin kayan aikin Unix da Linux akwai wani ƙaramin umarni mai suna join, wanda yake nan tun fitowar Unix ta 7 a shekarar 1979, kuma a yau yana cikin kunshin GNU coreutils. Aikinsa shi ne ya ɗauki fayilolin rubutu guda biyu, ya duba wani fili (wato guntun layi da sarari ya raba shi da sauran) da suka yi tarayya a kansa, sannan ya haɗa duk layukan da suka dace da juna a wannan filin su zama layi ɗaya. Wannan fili shi ake kira mabuɗi, kuma idan ba a faɗa masa wani ba, filin farko na kowane layi yake ɗauka.

A ce akwai fayil mai suna sunaye.txt wanda layukansa biyu suke "101 Amina" da "102 Musa", sai kuma maki.txt mai ɗauke da "101 78" da "102 65". Idan aka rubuta `join sunaye.txt maki.txt`, abin da zai fito shi ne "101 Amina 78" da "102 Musa 65": mabuɗi a gaba sau ɗaya, sai sauran filayen fayil na farko, sai na biyu. A nan ne ya sha bamban da paste, wanda yake manna layi na ɗaya da layi na ɗaya ba tare da ya kula da abin da ke cikinsu ba. Wanda ya saba da SQL zai ga irin aikin da INNER JOIN yake yi ne.

Sharaɗin da ya fi ba mutane wahala shi ne jeri. Dole ne fayilolin biyu su kasance an riga an jera su bisa mabuɗin, domin join ba ya loda su gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana bin su ne layi bayan layi, ya kwatanta mabuɗan biyu, ya matsa gaba a ɓangaren da mabuɗinsa ya fi ƙanƙanta, kuma ba ya waiwaye. Wannan ne ya sa yake iya aiki da manyan fayiloli cikin sauƙi, kuma wannan ne ya sa layin da bai zauna a gurbinsa ba yakan salwanta daga sakamakon. Jerin da yake nema kuwa na haruffa ne, inda 10 take zuwa kafin 2, saboda haka wanda ya yi amfani da `sort -n` (jeri bisa girman lamba) yana ganin ya kyauta zai iya rasa layuka masu yawa. Abin da ya dace shi ne `sort -k 1b,1`, kuma a tabbata sort da join suna aiki a ƙarƙashin saitin harshe ɗaya; sanya `LC_ALL=C` a gaban kowannensu yana kawar da wannan saɓani. A ganina, duk wanda sakamakon yake da muhimmanci a gare shi ya riƙa ƙara `--check-order`, domin gara umarnin ya tsaya da kuskure da a ce ya miƙa rabin amsa.

Idan mabuɗin ba a filin farko yake ba, `-1 2 -2 3` na nufin fili na 2 a fayil na farko da fili na 3 a na biyu. Idan waƙafi ne ya raba filayen, sai a ƙara `-t ,` a join da sort baki ɗaya.

Layin da bai sami abokinsa ba a ɗaya fayil ɗin ba ya fitowa, sai an nema. `-a 1` yana fito da irin wannan layi na fayil na farko tare da sauran, `-v 1` kuwa yana fito da marasa aboki na fayil na farko kaɗai, kuma da shi ne ake gano ɗalibin da sunansa yake nan amma ba a shigar da makinsa ba. Idan kuma mabuɗi ɗaya ya maimaitu sau 2 a fayil na farko da sau 3 a na biyu, join zai haɗa kowanne da kowanne ya fitar da layuka 6, don haka yana da kyau a ƙirga layukan da `wc -l` kafin haɗawa da bayanta.