Karatun jinya da lafiyar mai karatun

Me ke saurin galabaitar da ɗaliban jinya?

Nauyi biyu ne a kansu lokaci guda. Ɗalibar da aka tura asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko na Shika da ke Zariya za ta wuni a tsaye a ɗakin majinyata, ta dawo ta buɗe littafin magunguna, ga jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta ƙasa tana tafe. Barci ake fara yankewa, sai abinci.

Kwana ana karatu yana da amfani?

Asararsa ta fi ribarsa. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta, kuma baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9. Wanda ya kwana zaune shi ne ke rikita lissafin adadin magani da safe, wannan kuwa ran majinyaci ne. Gara karatun awa biyu kullum: a karanta, a rufe littafi, a faɗi abin da aka karanta da ka, a sake waiwayarsa bayan kwana uku. In aikin dare ne, a yi barci da rana kafin a fita.

Goro, kofi da lemon ƙara kuzari duk sinadarin caffeine mai hana barci ne a ciki. Kada a wuce miligiram 400 a rana, kusan kofi huɗu na kofi ke nan. Bayan awa biyar rabinsa yana nan cikin jini, don haka daga la'asar a haƙura. Tiramadol kuwa ba maganin gajiya ba ne, yana kama jiki, yana jawo farfaɗiya.

Rashin cin abinci ne ke kawo olsa?

Yunwa tana tayar da ciwon, amma galibi sanadinsa ƙwayar cutar H. pylori ce, ko yawan shan magungunan rage ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. A karya da koko da ƙosai kafin a fita, a riƙe gyaɗa da gorar ruwa a jaka.

In allurar majinyaci ta soke ni fa?

Ki wanke wurin da sabulu da ruwa, kada ki matse. Ki sanar da shugabar ɗaki nan take, domin maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai wata na shida.

Yaushe damuwa ta wuce ta karatu?

In aka yi mako biyu cikin ƙunci, ba barci, ba sha'awar komai, a ga likita. In tunanin kashe kai ya zo, a gaya wa wani a ranar, a je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna.