Waiwaye: yadda raha ta fice daga ajin Latin

Muhawarar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin malaman Latin na Turai da Amurka. Wasu na cewa a koyar da wannan harshe na tsoffin Romawa da baki, ɗalibai su yi hira da barkwanci da shi. Wasu kuma na ganin wannan shiririta ce, Latin na haddar nahawu ne da fassara. Da yawa suna kai asalin ɓacewar raha daga ajin Latin wajajen 1960, lokacin da aka sassauta sharaɗin sanin Latin ga masu neman shiga jami'a a Ingila. A ganina rijiyar ta daɗe da ƙafewa kafin nan.

Romawa dai ba su rasa bakin raha ba. Suna da iocus, wato barkwancin baki, da ludus, wasan da ake yi a aikace, kalmar da kuma suke kiran makarantar yara da ita. Plautus, marubucin wasan kwaikwayo wanda ya rasu a shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa, ya bar wasannin ban dariya kusan 20. Terence, mutumin Kartaj a Arewacin Afirka, ya bar 6. Daga baya a bakin talakawa iocus ta danne ludus, ita ce ta haifi jeu a Faransanci, gioco a Italiyanci da juego a Sifaniyanci. Ludon da yaranmu ke bugawa ma sunansa Latin ne, ma'anarsa "ina wasa".

Inda ba a cika dubawa ba shi ne farfajiyar makaranta a ƙarni na 16. A makarantun Latin na wancan zamani, musamman a ƙasar Jamus, doka ce yaro ya yi magana da Latin har a lokacin hutu. Akwai ma ɗan leƙen asiri cikin yaran, ana ce masa lupus, wato kyarkeci, aikinsa rubuta sunan duk wanda ya kuskura ya yi yaren gida. Dokar akwai tsauri, amma dubi abin da ta haifar. Yaron da zai buga ƙwallo dole ya san cewa pila ludere ake cewa, sunan ƙwallon na ɗaukar siffar da ke nuna abin da aka yi aiki da shi. Ya san cewa in ka sa sunan mutum a matsayin karɓau bayan ludere, ba wasa kuka yi tare ba, ba'a ka yi masa. Ya san iocari siffarsa ta wanda aka yi wa aiki ce, alhali ma'anarsa "yin barkwanci", kuma jam'in iocus iri biyu ne, ioci da ioca. In ya zolayi aboki ya ga ran ya ɓaci, sai ya yi maza ya ce per iocum, da wasa nake. Littafin hirarrakin Latin na Erasmus, masani ɗan ƙasar Holland, wanda aka fara bugawa a 1518, har da babin wasannin yara a ciki, kuma ana sa ɗalibai su fito su yi wasannin Terence a gaban jama'a.

Tsakanin ƙarni na 17 da na 18 harsunan gida suka karɓe koyarwa, dokar magana da Latin ta mutu a hankali. Ba wanda ya zauna ya yanke cewa a kori barkwanci. Kawai dai harshen da ba a magana da shi, jarrabawar rubutu ce kaɗai ke auna shi, ita kuwa jarrabawa ta fi jin daɗin nassi mai tsari. Zuwa ƙarni na 19, labarin yaƙe-yaƙe da jawaban majalisa su ne abincin ɗan aji, wasannin ban dariya kuma sai an tace su saboda batsa, ko a ajiye su gefe.

Malaman da ke musu yau akasarinsu a wannan tsarin suka tashi. Sun haddace kalmomin mashi da sansani tun suna sabbin shiga, yawancinsu kuwa sai a jami'a suka fara buɗe Plautus.