Motar hawan dutse ta yara: tambayoyin da ake yi mini a Aboabo

Tun ranar da muka fito da 'yar motar nan daga gareji, yaran gidanmu suka ɗana ta a fili, ban sake shan shayi cikin natsuwa a unguwar Aboabo ta Kumasi ba. Kowa da tambayarsa, daga direbobin pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, zuwa iyaye mata, har da dattawan da suka fara cewa aikin banza ne. Mota ce mai kujera ɗaya da taya huɗu, an kewaye ta da kejin ƙarfe, aikinta ta bi kan duwatsu da ramuka a hankali. Ni da wani abokina mai walda a Suame Magazine, unguwar makanikai, muka haɗa ta a ranakun hutu. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da amsar da nake bayarwa.

Tambaya: Me ya raba ta da 'yar motar tseren yara?

Gudu ne ya raba su. Motar tsere tana son shimfiɗaɗɗen fili, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Wannan kuwa tafiyar hawainiya take yi: taya ɗaya ta ɗare dutse, ta dakata, 'yar'uwarta ta biyo. A Amurka wasan ya yi ƙarfi, a wurare irin su Moab ta jihar Yuta da hanyar Rubicon ta Kalifoniya, wadda tsawonta kusan kilomita 35 ne kacal amma mutane kan kwana a hanya kafin su gama ta. Inda dutse ya yi tsanani, mai tafiya a ƙafa yakan riga motar. Don haka duk wanda ya zo mini da maganar "nawa take gudu?" nakan ce masa ya kama hanyar da ba ta ɓullewa. Rabin aikin ƙera ta, ƙwace gudu ne daga hannun inji a mayar da shi ƙarfi.

Tambaya: Masta, injin fetur za a sa ko batir?

Tamu ta fetur ce. Injin da ya fi sauƙin samu shi ne irin Honda GX200, mai sisi 196 da ƙarfin doki 6.5, ko ƙaninsa GX160, ko kwaikwayonsu na Sin da suka cika kasuwa. Kafin ka biya kuɗi ka dubi sandar da ke fitowa daga cikinsa. Ta injin janareta tsukakkiya ce kamar bakin fensir, kuloci ba ya zama a kanta. Wadda ake nema miƙaƙƙiya ce, mai kaurin milimita 19 ko 20, da tsagin ki a jikinta.

Irin wannan inji yana da hali ɗaya da ba ya jituwa da dutse. Ba shi da famfon baƙin mai. Wani ɗan cokali ne a ciki ke watsa man yayin da inji ke juyawa. In motar ta karkata fiye da digiri 20 ta daɗe a haka, man sai ya taru gefe guda. Masu na'urar lura da mai kuma sai su kashe kansu a tsakiyar hawa, daidai lokacin da ba ka so.

Shi ya sa in yau zan sake ƙerawa yaron da bai kai shekara goma ba, batir zan sa. Injin lantarki na keken guragu, mai bolt 24, yana zuwa da giyarsa a haɗe, kuma yawancinsu suna da burkin da ke damƙewa da zarar an ɗauke wuta. Batir biyu masu bolt 12 sun isa. Yana ba da cikakken ƙarfinsa tun daga tsaye, ba hayaƙi, ba salansa mai ƙona ƙafa, komawa baya kuma makunni ɗaya ne. Illarsa ba ya son ruwa, kuma ranar da aka ɗauke wuta ba caji, sai ka san yadda za ka yi da kukan yara. Kada a manta da fis kusa da batir.

Tambaya: To yaya ake rage gudun?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan muka fara yin kuskure. Bari in yi lissafin a fili.

Injin yana juyi 3,600 a minti ɗaya in an taka totur ƙarshe. Taya mai tsayin inci 18, in ta juya sau ɗaya, tana cin ƙasa wajen mita 1.44. Masu haɗa motar tsere sukan sa ƙaramin faifan haƙora mai haƙori 10 a inji, babba mai 60 a aksil, sarƙa ɗaya ta haɗa su. Wato inji ya juya shida, taya ta juya ɗaya. Taya na juyi 600 ke nan a minti, wanda ya haura kilomita 50 a awa. Ka ɗora ɗan shekara takwas a kan wannan, ka nufi dutse da shi? Allah ya kiyaye.

Maganin shi ne a rage sau biyu. A kafa wata gajeriyar sanda a tsakani, bisa boris biyu. Sarƙar farko ta taso daga haƙori 10 na inji zuwa 60 na sandar tsakiya. Ta biyu ta taso daga haƙori 12 a ɗaya gefen sandar zuwa 60 na aksil. Shida sau biyar, talatin. Yanzu taya na juyi 120 a minti, gudun bai wuce kilomita 10 da ɗan ɗoriya a awa ba, amma ƙarfin murɗa tayar ya ninka na bakin inji kusan sau talatin. Babban mutum mai sassarfa zai iya bin ta a gefe, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake amfani da shi: motar da uba ba zai iya cim mata da ƙafa ba, ta yi wa yaro sauri.

Kuskuren namu a kuloci ne. Mun sa irin mai kama kansa, wanda ba ya damƙewa sai inji ya kai juyi wajen 2,000. A kan dutse kuwa yaro na taɓa totur yana saki, kulocin na ta gogawa bai kama ba. Rana ta biyu muka ji ƙauri, muka duba, ƙarfen ya koma shuɗi. Muka cire shi muka sa na bel, mai kwano biyu da ke buɗewa da tsukewa, irin tsarin da ke cikin babur sikuta. Shi yana farawa da ragin kusan 2.7, don haka a tashin farko jimillar ragin takan kai wajen 80. Tun daga ranar motar ta fara hawa kamar akuya.

Akwai wata 'yar na'ura a injin da makanikai ke kira gwamna, ita ke hana shi wuce juyi 3,600. Samari na son cire ta. A bar gwamna a kujerarsa, wannan dai ba a yi masa juyin mulki. A ƙara ma da noti a bayan fedar totur, yadda uba zai taƙaita iya inda ƙafar yaro za ta kai.

Tambaya: Duk kayan ana samunsu a Kumasi?

Kusan duka. Magazin, wadda ta samo sunanta daga ma'ajiyar makaman sojan zamanin Turawa, ba abin ƙarfen da ba a gyarawa ko a ƙera a cikinta. Tun 1980 jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar koyar da sana'ar injuna a Suame, kuma masu injin sassaƙar ƙarfe da ke wurin za su yanka maka sanda da gurbin boris daidai awo. Mu mun ɗauko sitiyarin tsohuwar Tico aka gajarta shi, burkin faifai na babur, shokozoba huɗu na bayan babur. Wanda ke Accra, kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai ce tasa.

Taya ce ke ba da wahala. Ana son mai faɗi, mai manyan ƙuraje, irin ta babur mai ƙafa huɗu, wadda ake ba iska kaɗan, awo 4 zuwa 6 a agogon mai faci, don ta lanƙwashe ta rungumi dutse. Ka tsaya a kansa lokacin da yake bugawa, in ba haka ba zai cika ta tam kamar ta tasi. Tayar baro ba ta yi.

Tambaya: Wani direban aboboyaa, keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku, ya ce, me zai hana a ɗauko aksil ɗin bayan aboboyaa gaba ɗaya?

Ana iya yi, amma yana da nauyi, sannan akwai dif a cikinsa. Dif abin kirki ne a kwalta, yana barin tayar waje ta fi ta ciki juyi a kwana. A dutse kuwa, da zarar taya ɗaya ta tashi sama, ita za ta yi ta juyawa a banza, wadda ke ƙasa ta tsaya cik. Mu sanda ɗaya muka sa, tayoyin baya biyu suna juyawa tare. Kwana takan yi ɗan tauri, amma a kan jar ƙasa da tsakuwa tayar na zamewa kaɗan ta ba da hanya. Jan taya huɗu ya fi kyau, ba musu, sai dai da injin fetur aiki ne babba. Da batir kam sauƙi ne: kowace taya da injinta.

Tambaya: Bututun ruwa ko rodin gini ba za su yi keji ba?

Ba za su yi ba, kuma a nan ba na sassautawa. Rodi yana lanƙwashewa. Bututun ruwa mai shafen zinki kuma hayaƙin waldarsa na sa mai walda zazzaɓi, haɗin ma ba ya fita da tsabta. A nemi baƙin bututun ƙarfe mai faɗin milimita 32, kaurin jikinsa kada ya gaza milimita 2. Inda bututu zai haɗu da ɗan'uwansa a fafe bakinsa ya zauna daram kafin a kunna wuta. Cike gibi da walda yaudarar kai ce. Kowane murabba'i a ratsa shi da sanda daga kusurwa zuwa kusurwa, domin mai kusurwa huɗu yana nishi ya kwanta, mai kusurwa uku ba ya motsi.

Kujera a sauke ta ƙasa iya iyawa, inji ko batir ma haka, don nauyin da ke sama shi ke kifar da mota. Tamu tsakanin tayar hagu da ta dama mita ɗaya ne da 'yan kai, gaba zuwa baya mita 1.4, cikinta ya tashi santimita 20 daga ƙasa, an rufe shi da farantin ƙarfe. Yaro in ya zauna da hular kwano, a bar aƙalla faɗin tafin hannu tsakanin hular da rufin keji.

Kafin kowane yaro ya shiga, mun ɗaure buhun siminti mai kilo 50 a kujera, muka ɗaga gefe ɗaya a hankali har ta kife. Sau uku muka yi, hagu da dama. Maƙwabta suka ɗauka taɓuwa ce ta same mu. A karo na biyu wata walda ta tsage a bayan kujera, kuma gara da buhun siminti ne ya gano mana ita.

Tambaya: Wata Hajiya ta ce, ni dai tsoro nake ji, 'yata ma tana son hawa. Me zai iya faruwa?

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, kuma abin da na fi jin tsoro ba kifewa ba ne. Sarƙa ce da aksil. Gefen hijabi, mayafi, jelar kitso ko bakin jallabiya, in ɗaya ya taɓa ƙarfe mai juyawa, naɗe shi zai yi cikin ƙiftawar ido, ga shi kuma mun ninka ƙarfin sau talatin. Dole a rufe sarƙoƙin da aksil ruf da farantin ƙarfe, a sa bango tsakanin kujera da inji. Yarinya ta sa ƙaramin hijabi mai kama kai, a cusa gefensa cikin riga, hular kwano a sama. Silifas a bar su a gida, takalmi rufaffe za a sa.

Bel mai kama kafaɗu biyu da ƙugu, a ɗaure shi a jikin keji da noti. A sa raga a gefe, domin in mota ta karkata, yaro hannu yake fitarwa ya tare ƙasa. A koya masa kada ya zura babban yatsa cikin sitiyari, dutse na iya fizge shi. Sannan a bayan motar akwai makashin inji mai igiya. Babba na riƙe da igiyar yana biye, in ya ja, inji ya mutu. Kada kuma a tayar da injin fetur a cikin ɗaki ko rufaffen zaure, hayaƙinsa na kisa ba tare da wari ba.

Tambaya: Daga shekara nawa?

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce yaron da bai kai 16 ba kada ya tuƙa babur mai ƙafa huɗu. Wancan ya fi wannan gudu nesa ba kusa ba, kuma ba shi da keji, amma maganarsu abin saurare ce. Ni ba na ɗora wanda bai kai shida ba. Daga nan kuma ina duba biyu: ƙafarsa na danne burki har ƙasa bayansa na jingine? In aka ce tsaya, yana tsayawa nan take? Akwai ɗan shekara goma sha ɗaya a gidanmu da har yanzu bai ci jarrabawa ta biyu ba. Goyo kuma babu, kujera ɗaya mutum ɗaya.

Tambaya: Nawa za ta ci?

Farashin kaya a Magazin yana bin dala, kuɗin da na faɗa yau gobe ya tsufa. Abin da ba ya canzawa shi ne inda ya kamata sidi ya fara zuwa: bututu da mai walda na ƙwarai, sai burki, bel da hula, sai taya. Inji na hannu ya wadatar. Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake shi yara za su fara tambaya.

Tambaya: Za ta iya zagaya unguwa, ko ranar Sallah?

A'a. A Ghana sai mai shekara 18 ake ba lasin tuƙi, motar kuma ba ta da rajistar DVLA, hukumar rajistar motoci. Ko ba doka, wanda ya san lungunan Aboabo da Asawase, da buɗaɗɗun kwatoci da pragya mai fitowa ba sallama, ba zai saki yaro a ciki ba. Mu a bayan aboboyaa muke ɗora ta zuwa fili, da izinin mai filin.

Kuma ba sai an je neman tsauni ba. Ramukan galamsey, wato haƙar zinariya ta bayan fage, da tsofaffin wuraren fasa dutse a nisance su, musamman da damina, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma wajen Satumba da Oktoba, lokacin da suke cika da ruwa, bakinsu na zabtarewa. Filin wasanmu da hannu muka yi shi: tsofaffin tayoyi da aka binne rabi, guntayen gungume daga kasuwar katako ta Sokoban, da duwatsun da ba su wuce santimita 15 ba, wato sulusin tsayin tayar. Sai yaro ya iya tsayar da tayar gaba a saman gungume, ya ƙirga biyar, ya sauko ba tare da ta dira da ƙarfi ba, sannan muke ƙara masa dutse na gaba.