Waiwaye: Gonar sola a kan fako, daga 2016 zuwa yau

A watan Yulin 2016, NBET, kamfanin da ke sarin wuta a madadin gwamnatin tarayya, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 don kafa manyan gonakin sola. Bauchi ta samu rabonta: megawat 100 a ƙaramar hukumar Ganjuwa, a hannun Nigeria Solar Capital Partners. An yi ciniki a kan santi 11.5 na dalar Amurka kowane yunit, daga baya gwamnati ta ce da tsada, a koma 7.5. Masu ba da bashi kuma suka kafe sai an ba su takardar lamuni, a san mai biya idan NBET ya gaza. Ana wannan ja-in-ja shekaru suka shuɗe, ko ɗaya cikin 14 ɗin bai tashi ba. Wadda ido ya gani, ba daga cikin 14 ɗin ba, ita ce ta Kumbotso a Kano, mai megawat 10, da aka buɗe a Janairun 2023.

Duk lokacin da maganar ta taso sai ka ji an ce ai ga fako nan birjik. Da gaskiyarsu, domin megawat ɗaya na cin kusan hekta 2, kuma babu mai hankalin da zai shimfiɗa gilashi a fadama. A takarda ma fako ya fi araha: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora diyya a kan amfanin gona, itatuwa da gini. Sai dai inda garma ba ta shiga, shanu na shiga. Makiyayin da burtalinsa ya ratsa wurin ba ya cikin jerin masu karɓar diyya, kuma idan aka katange hekta 200 ba a bar masa hanya ba, wayar shingen ce za ta ji a jikinta.

Ƙasar kanta ba ta da sauƙin kai. Marmara ba ta karɓar turken ƙarfe da duka, sai an huda an zuba kankare, rami dubbai. A Gombe kuwa zaizaya ce abin tsoro: ruwan da ya gangaro daga farantan sola yana zuba a layi ɗaya, damina biyu ko uku ya fara tone gindin turaku. Shi ya sa magudanai ke riga faranti zuwa fili. Ga ƙurar hunturu da ke tilasta wanki a kai a kai, a wurin da ruwa ke da nisa, don haka rijiyar burtsatse na cikin kasafi tun farko. Zafin Maris da Afrilu ma ba riba ba ne, faranti na rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane digiri sama da 25.

Sai layin da zai kwashi wutar. Fakon da ya yi nisa da babbar tashar rarraba wuta ta 132kV ko 330kV, kuɗin jan waya kan cinye arahar filin. Inbatocin irin wannan gona kuma, wato na'urorin da ke juya wutar faranti ta dace da ta layi, suna kashe kansu da zarar babban layi ya faɗi, kamar a Oktoban 2024 da Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu, sai idan an haɗa da batura. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka yanzu gwamnatocin Bauchi da Gombe na iya zama da mai zuba jari su yanke farashi da kansu.