Fitattun Mutanen Kudancin Jihar Tahoua

Kudancin jihar Tahoua, wadda Hausawa ke kira Tawa, shi ne yankin da ya haɗa ƙasar Adar da ƙasar Ƙonni har zuwa iyakar Nijar da Najeriya, inda gundumomin Illela, Malbaza, Birnin Ƙonni, Madawa da Buza suke. Ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, ana noma gero a tudu da albasa a kwari, kuma da zarar an kai amfanin gona rumbu sai samari su kama hanyar ci-rani zuwa Yamai, Sakkwato ko Abijan. Mafi yawan mutanen da suka ɗaukaka sunan yankin a ƙananan ƙauyuka aka yanke musu cibi, irin su Marata, Yama da Dandaji.

Wanda sunansa ya fi nisa a cikinsu shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a shekarar 1754 a Marata, kusa da Galmi, a zamanin da yankin ke ƙarƙashin Gobir. Iyayensa Fulani ne Toronkawa, gidan malamai, kuma tun yana ƙarami suka koma Ɗagel, inda ya tashi. Ya yi karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya yi yawon wa'azi a Gobir da Zamfara, sannan ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, shekarar da jihadin da ya haifar da daular Sakkwato ya soma. Ya rasu a 1817. Mafi yawan aikinsa ya gudana ne a ƙasar da yau take cikin Najeriya, shi ya sa ake yawan mance cewa mahaifarsa tana gefen Nijar.

Kafin zamanin Shehu, Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Adar da yaƙi a 1674, ya raba ta da ikon Kabi, kuma daga gare shi sarautar Sarkin Adar ta samo asali, wadda fadarta take Illela a yau. Masanin tarihi Farfesa Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa a littafin da aka buga a 1975, kuma sunansa jami'ar Tahoua take ɗauke da shi.

Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini daga Yama ta gundumar Illela, ya cancanci a tsaya a kansa fiye da yadda aka saba. A 1962 dattawan garin suka ɗora masa aikin gina masallacin Juma'a, aka kuwa yi shi irin na gayya: wasu na kwaɓa ƙasa da ciyawa, wasu na buga tubali, mata na jigilar ruwa, masu hali na kawo itacen rufi. Ginin farko ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai a jere, ba shi da wani ado. Da rufin ya buƙaci gyara a 1975, sai Falke ya sake shi gaba ɗaya, ya ɗora sabon rufi a kan bakuna, ya ta da tulluwa a tsakiya, sannan ya shiga gina hasumiya a kowace kusurwa, aikin da bai kammala ba sai 1982. Hasumiyoyin huɗu babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Kowace tana da faɗi a gindi, tana tsukewa yayin da take hawa, kuma mai duba su yana iya gane cewa hannu da ido ne suka tsara su a kan bango, ba a kan takarda ba. A 1986 masallacin ya sami lambar yabo ta Aga Khan kan fasahar gine-gine. Wannan lamba ta tabbatar da abin da maginan Adar suka daɗe da sani, cewa ginin ƙasa ilimi ne cikakke mai ƙa'idojinsa, ko da yake bulo da kwano suna neman ture shi a garuruwa.

Ta wata hanya dabam, mai ɗaci, sunan Hadijatou Mani ya shiga tarihi. An haife ta a 1984, kuma tana da shekara 12 aka sayar da ita kan jika 240 na kuɗin sefa ga wani magidanci a ƙasar Ƙonni a matsayin wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba tare da ɗaurin aure ko sadaki ba, tana aikin gida da na gona. Dokar Nijar ta mayar da bauta babban laifi a 2003, kuma a 2005 aka ba ta takardar ƴanci, amma da ta auri wanda take so sai aka yanke mata ɗaurin wata 6 bisa zargin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar miliyan 10. Ƙarfin halin da ta nuna, na tsayawa gaban alƙalai ta faɗi abin da ake rufewa, ya buɗe wa wasu mata ƙofar neman haƙƙinsu.

A fagen siyasa, Mahamadou Issoufou, wanda magoya bayansa ke kira Zaki, an haife shi a Dandaji a 1952. Injiniyan ma'adinai ne da ya yi karatu a Faransa, ya riƙe muƙamin daraktan ma'adinai na ƙasa, ya kuma yi aiki da kamfanin uraniyom na SOMAÏR kafin shi da abokansa su kafa jam'iyyar PNDS-Tarayya a 1990. Ya yi firaminista daga 1993 zuwa 1994, ya shugabanci majalisar dokoki daga 1995 zuwa 1996, ya sha kaye a zaɓen shugaban ƙasa har sau huɗu kafin ya yi nasara a 2011. Ya sauka a 2021 bayan wa'adi biyu, ya miƙa mulki ga Mohamed Bazoum, karon farko da zaɓaɓɓen shugaba ya gaji zaɓaɓɓe a Nijar. Masu suka suna tuhumar mulkinsa da takura wa ƴan hamayya, kuma har yanzu ana muhawara a kan abin da ya bari.

A Dandaji ɗin nan akwai wani tsohon masallacin ƙasa da Falke Barmu ya gina. Da jama'a suka buƙaci sabon masallaci mafi girma, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka ba da shawarar kada a rushe tsohon. Aka nemo maginan da suka san aikin, suka gyara bangaye da bakunan rufin, aka mayar da shi ɗakin karatu, aka kuma gina sabon masallacin a gefensa da tubalin jar ƙasar wurin. An kammala wannan cibiya mai suna Hikma a 2018.